"Likita, a gidan Sallah na gane shekaru sun ja": tambayoyinku da amsoshinsu

Jama'a, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Saƙonnin da suka shigo bayan Babbar Sallar nan kusan bakinsu ɗaya. Mutum ya taso daga Abuja ko Kano ya zo gida Jos, an haɗu da dangi, an yi layya, an ci an sha, sai ya koma da wani abu a ransa. Dalili kuwa a fili yake: wanda kuke kwana ku tashi tare ba ya lura da canjinka, amma ƙanwar da rabonku da juna tun bara, kallo ɗaya za ta yi maka ta ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake jingina komai ga shekaru. Akwai abin da girma ke kawowa wanda sai dai a koyi zama da shi. Akwai kuma cuta mai magani da ke fakewa a bayan girman, ana ce mata "ai tsufa ne" har ta gama ɓarna. Su nake so in rarrabe muku a yau. Na sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, ma'aikacin gwamnati ne ni, ina zaune a Kubwa. Na je gida Unguwar Rogo yin Sallah. Washegarin layya muka yi taron zumunci, aka miƙo mini takardar asusun gida in karanto waɗanda suka biya da waɗanda ake bi. Wallahi sai na ga lambobin sun cakuɗe. Na riƙa nesanta takardar har hannuna ya miƙe, daga ƙarshe ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, kawo in karanta." Abin ya tsaya mini a rai. Nesa ina gani tas, ina tuƙi ba matsala. Idona ne ya fara mutuwa? Na ga masu sayar da gilashi a kasuwar Taminus, in saya? Wani abokina ya ce in na fara sawa idon ƙara lalacewa zai yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta kusan kowa sai ya same shi daga shekara 40 zuwa 45, har wanda bai taɓa ciwon ido ba. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi mai laushi. In za ka duba abu na kusa, wasu 'yan tsokoki ne ke sa shi ya ƙara kauri don rubutu ya fito. Da shekaru sai madubin ya yi tauri, ya daina bin umarni. Shi ya sa nesa ke fitowa sarai, na kusa kuma sai an miƙe hannu, musamman da magariba ko a ɗakin da ba haske. Abin zai ci gaba da ƙaruwa a hankali har wajen shekara 60 zuwa 65, sannan ya tsaya.

Maganar abokinka ba ta da tushe. Gilashi ba ya lalata ido, ƙin sa shi kuma ba ya tsayar da komai. Mutum ne zai fara da lamba +1.00, bayan 'yan shekaru ya koma +1.50, sai ya ɗora wa gilashin laifi, alhali ko bai taɓa sawa ba haka abin zai tafi.

Na kasuwa fa? Ba zan ce maka yana cutarwa ba, yana iya taimaka maka wajen karatu. Tsorona daban ne. Mai gilashi zai miƙo maka guntuwar jarida ka gwada, ka ga rubutu ya fito, ka biya ka wuce, shi ke nan dalilin da zai kai ka gaban likitan ido ya kau. To a shekarunka akwai cutar da ba a ganinta sai an neme ta, wato gilakoma, wadda mutanenmu ke ce wa hawan jinin ido. Jijiyar gani take ci daga gefe-gefe. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye, tsakiyar gani kuma na nan lafiya har sai abin ya yi nisa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin 20 na waɗanda suka kai shekara 40 yana ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Ta fi kama baƙar fata, tana kuma bin dangi. Ka tambayi manyan gidanku ko akwai wanda ya makance a hankali ba tare da an ga farin yana a idonsa ba. In akwai, kai da 'yan uwanka duka ku je a duba ku.

Ka je sashen ido a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo in ka sake zuwa gida. A auna maka ƙarfin ruwan ido, a leƙa bayan idon a duba jijiya, sannan a rubuta maka gilashi daidai da kowane ido, don sau da yawa lambar dama da ta hagu ba ɗaya ba ce.

Tunda ka shiga asibitin, kar ka fito sai an auna maka jini da suga. In awon jini ya kai 140/90 ko ya wuce, kuma aka maimaita a ranaku daban-daban aka samu haka, hawan jini ne, ko da ba ka jin ko ciwon kai. Sugan da aka auna da safe kafin karin kumallo in ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, shi ma sai an sake aunawa an tabbatar. Suga kansa yana sa gani ya riƙa dishi-dishi, yau da sauƙi gobe da tsanani. Kana da inshorar lafiya ta ma'aikata, wannan shi ne amfaninta.

Tambaya: Likita ina wuni. Shekarata 49, 'ya'yana shida, daga Bukuru nake. Daren Sallah an yi ruwa, garin ya yi sanyi, kowa ya ja bargo, ni kuwa sai wani zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo, sai da na fita tsakar gida ina fifita da mayafi. A bana ne kuma matar ɗana ta karɓi tukunya aka ce in zauna in huta, facalata ta yi mini 'yar magana sai kawai na fashe da kuka gaban yara. Al'adata ta rikice, sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Wasu sun ce iska ce. Surukata ta ce girma ne, in yi haƙuri.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Surukarki ta fi kusa da gaskiya, sai dai akwai abin yi bayan haƙuri. Kin shiga shekarun ɗaukewar al'ada, wanda yawancin mata kan shiga tsakanin 45 da 55. Sinadarin estirojin da jikin mace ke samarwa ya fara raguwa, kuma ba a hankali yake sauka ba, yau ya hau gobe ya faɗi. Sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki yana ruɗewa, sai ya ɗauka jiki ya yi zafi ko da ana sanyin Jos, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki zufa. Yakan ɗauki 'yan mintoci ya wuce. Rashin barcin da yake jawowa, haɗe da hawa da saukar sinadarin, su ke kawo saurin fushi da kukan da ke kanki ba ki san dalilinsa ba. Ba iska ba ce, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Ina so maigida ya san wannan, don mata da yawa a wannan lokacin ake yi musu shaidar "ta canza hali", aure mai shekara talatin ya shiga tangal-tangal a kan abin da bayani kaɗan zai warware.

Ki rage shayi mai zafi da yaji da daddare, ki riƙa sa tufafin auduga marasa nauyi, ki ajiye ruwa kusa da gado. In abin ya hana ki sakat, akwai maganin da ke mayar da sinadarin, yana kuma aiki sosai, amma likitan mata ne zai duba ko ya dace da ke, domin ba a ba wadda ta taɓa kansar mama ko daskarewar jini a jijiya. Kar ki saya a kemis don wata ta ce ya yi mata.

Abu uku kar ki manta. Har yanzu ciki na iya shiga, ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Bayan wata 12 ɗin, duk jinin da ya sake zuwa, ko ɗigo ne, ba al'ada ba ce ta dawo, a je asibiti a duba mahaifa. Haka in jinin yanzu yana zuba da gudaji, ko ya wuce mako guda, ko yana zuwa bayan kwanciyar aure. Sannan in zufar daren ta haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da ramewa, a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati. Ƙashi ma yana rage ƙarfi bayan al'ada ta tsaya, don haka ki riƙi nono da kindirmo, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, ki kuma riƙa taka ƙasa kullum.

Tambaya: Likita, shekarata 58, ɗan kasuwa ne ni a Dilimi. Tun ina saurayi ni ke fiɗar ragunan gidanmu. Bana na tsuguna na gama rago ɗaya, na zo tashi gwiwa ta ƙi, sai da yarana biyu suka kama ni. A filin Idi ma da ƙyar na tashi daga sujada. Na daɗe ina shan wani haɗi da mai kemis ke ƙulla mini a leda, ƙwaya biyar ko shida, in na sha sai in ji garau. 'Yan uwa sun ce na yi ƙiba, fuskata ta cika, sun ce kasuwa ta karɓe ni.

Amsa: Alhaji, gwiwar ba ta ba ni tsoro kamar ledar nan ba, don haka da ita zan fara. Irin wannan haɗin yawanci ba ya rasa magungunan kashe ciwo irin su diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a haɗe, sannan a ƙara da deksametason ko firedinisolon. Na farkon, in aka daɗe ana sha, suna ƙwaƙule ciki su kawo gyambo har da zubar jini, suna tayar da hawan jini, suna kashe ƙoda a hankali. Mun sha ganin magidanci ya ƙare a layin wankin ƙoda, in aka bi diddigi sai a tarar da ciwon gwiwa abin ya fara. Na biyun kuma su ke cika fuska da wuya da tumbi, hannu da ƙafa su sirance, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Ina zargin cikar fuskar da 'yan uwa suka yaba maka daga nan take.

Amma ka ji wannan da kyau: kar ka yanke shan haɗin rana ɗaya. In akwai deksametason a ciki kuma ka yi makonni kana sha, jikinka ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da kai. Ɗauki ledar yadda take ka kai wa likita cikin makon nan, a gane abin da ke ciki, a rage maka daki-daki, a auna jini da suga da aikin ƙoda. In ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ka yi aman jini, a daren za a tafi asibiti.

Gwiwa kuwa, da alama guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙasusuwan gaɓar ne ya zaizaye, abin da ake kira amosanin gaɓɓai. Alamarsa ciwo in an tsuguna ko an hau bene, ƙara in an lanƙwasa, da ƙagewa da safe wadda ba ta wuce rabin awa. Sanyin Jos ba shi ke kawo shi ba, ko da yake mutane da yawa sun fi jin ciwon lokacin hunturu. Guringuntsin ba ya komawa yadda yake, amma ciwon yana raguwa sosai da abu biyu da ba a sayarwa a kemis. Na ɗaya rage nauyi: duk kilo ɗaya da ka sauke, kusan kilo huɗu ka ɗauke wa gwiwa a kowane taku. Na biyu ƙarfafa naman cinya. Zauna a kujera, miƙe ƙafa ɗaya sambal, riƙe ta haka ka ƙirga goma, sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. A shago ma za ka iya yi kafin masu saye su zo. Sai an yi makonni ake ganin amfaninsa, kar ka bari a kwana uku. Zaman wuri ɗaya don tsoron ciwo ƙara kashe gwiwar yake yi.

Maganin shafawa ya fi na sha aminci. In za ka riƙe sanda, riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar mai ciwo ba. In ban ɗakinku na tsuguno ne, a nema maka na zama. Sallah a zaune ga wanda tashi ya gagare shi, addini ya yarje, malaminku zai nuna maka yadda ake yi. Fiɗa kuma, a rataye ragon a yi a tsaye, kai ka tsaya kana nuna wa yaran inda wuƙa za ta bi.

Tambaya: Likita, shekarata 52, daga Rikkos. Kwana uku ina cin kayan ciki da soye ina korawa da lemon kwalba. Cikin dare babban yatsan ƙafata ya kumbura ya yi ja, ko zanen gado ya taɓa sai in yi ƙara. Ban buge ba. An ce sammu na taka.

Amsa: Malam, ba ka taka komai ba. Wannan ya yi kama da ciwon gawut. Sinadarin yurik ne ke taruwa a jini ya daskare a gaɓa, kuma hanta, ƙoda, jan nama mai yawa da lemon zaƙi suna tayar da shi. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ƙara shi, amma likita ne zai canza maka, kar ka daina da kanka. Kar a kai ka wurin mai ɗori ya ja, kar wanzami ya tsaga. Ɗaga ƙafar, ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, sha ruwa sosai, ka je a duba ka a auna ƙoda. In yana yawan dawowa akwai maganin da ake sha kullum mai hana shi. In kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, gaggawa ce, don ƙwayar cuta a gaɓa ma haka take farawa.

Tambaya: Likita, tambayata a kan mahaifiyarmu ce, shekararta 71, tana Gangare. Da ita ce mai hira, in ta fara labari ba mai tashi. Bana muka taru da jikoki, sai ta koma gefe ta yi shiru. Ana tambayarta abu ta amsa wani daban. Ta kira ɗana da sunan ɗan yayata har sau biyu. Da na shiga ɗakinta mu biyu kuwa muka yi hira lafiya lau, har ta tuna mini bashin da nake bin wata tun bara. 'Yan uwana sun ce gigin tsufa ne ya fara, a bar ta kawai.

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika lura, kuma kin ba ni amsar a cikin tambayarki. Wadda ta rikice a cikin hayaniya amma ta yi hira tsaf a ɗaki har da lissafin bashin bara, kunnenta zan fara dubawa kafin ƙwaƙwalwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su mu'amala yadda ya kamata. Siraran sautuka ke fara ɓacewa, shi ya sa muryar yara da ta mata ta fi wuyar kamawa, haruffa irin su "s" da "sh" da "f" su narke. Mama tana jin ana magana, kalmomin ne ba sa rabuwa. Ki duba tsakar gidanku ranar Sallah: janareta na ruri, ana daka, yara na guje-guje, mutum biyar na magana lokaci ɗaya. Ta amsa ba daidai ba sau ɗaya, aka yi dariya, ta ji kunya, sai ta zaɓi shiru. Wannan shirun ne nake jin tsoro, domin tsohon da ya janye daga mutane ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin rauni, damuwa kuma ta fi saurin kama shi.

A kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti ta dawo da jinta a ranar. Kar a sa tsinke ko gashin kaza. In awon ji ya nuna rauni ne, akwai na'urar da ake maƙalawa a kunne. Kafin nan, ku daina yi mata tsawa, ɗaga murya ƙara dagula kalmomi yake yi. A matso kusa, a fuskance ta ta ga baki, a yi magana a hankali, mutum ɗaya bayan ɗaya, a kashe talabijin.

Musanya sunan jika da na jika ba cuta ba ce, mai shekara 40 ma yana yi. Alamun cutar mantuwa ta gaske daban ne: maimaita tambaya ɗaya bayan an amsa mata yanzu-yanzu, ɓata a hanyar gidan maƙwabciyar da ta shekara da shekaru tana zuwa, kasa haɗa miyar da ta saba, rikicewa wajen canjin kuɗi, ɓoye kaya ta manta ta ce an sace. In kun ga waɗannan suna ƙaruwa wata bayan wata, a kai ta likita, don ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa duk suna kwaikwayon mantuwa, kuma suna da magani. In kuwa tsohuwa ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba tsufa ba ne ko kaɗan. Zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, ko shanyewar ɓarin jiki. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a ɗauke ta zuwa asibiti nan take, ba a tsaya shafe-shafe ba. Ina kuma roƙon jama'a: tsohuwar da ta fita tana surutai ko ta ɓata a unguwa mara lafiya ce. Jifanta da maita zalunci ne.

Tambaya: Likita, shekarata 38 kacal, ina zaune a Gwarimpa. A hoton Sallah na ga furfura ta cika mini gemu, har ta fi ta yayana. Rashin jini ne? In shafa baƙi?

Amsa: Ƙanena, yawanci gado ne, duba kawunnanka da baffanninka za ka ga inda ka ɗauko. Taba sigari tana gaggauta ta. In babu kasala ko ramewa, ba sai ka yi gwaji ba. Jan lalle ba shi da matsala. Baƙin rini kuwa yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD mai iya kumbura fuska da ƙona fata, don haka gwada kaɗan a bayan kunne ka jira kwana biyu. A kuma ɓoye shi daga yara, shansa na iya kisa.

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne mai ritaya, shekarata 64, ina Unguwar Rimi. Da baƙi suka cika gida, ɗaki ɗaya muka kwana da ƙannena. Sau huɗu ina tsallake su ina fita da buta. Da safe ƙaramin ya ce, "Yaya, ai ba ka yi barci ba." Fitsarin ba ƙarfi, sai na yi ta jira, in na gama kuma ya ɗiga a wando, har ina shakkar tsarkina. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ga shi yayanmu ya rasu bara, bana ni aka tura gaba in yi addu'a. Tun ranar nake ta tunani.

Amsa: Baba Malam, Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ka ikon riƙe gidan. Ranar da mutum ya waiga bai ga kowa a gabansa ba rana ce mai nauyi, tunanin da kake yi kowane mai hankali zai yi shi. In dai ya kai mako biyu yana hana ka cin abinci, ko ya cire maka sha'awar fita masallaci da zama da mutane, ka faɗa wa likitan da zai duba ka, shi ma abin dubawa ne.

Fitsarin kuwa, babu abin kunya a ciki. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira furostet, asalinsa bai wuce girman goro ba, hanyar fitsari kuma ta tsakiyarsa ta bi. Yana girma da shekaru ya matse hanyar. Kimanin rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan girman, kuma shi kansa ba kansa ba ne. Sai dai kansar furostet ita ce ta fi kowace kansa yawa a mazan Nijeriya, kuma a farkonta ba ta da wata alama tata daban, don haka ba a raba su da hasashe. Likita zai duba da yatsa ta dubura, minti ɗaya ne, na san shi ke korar maza da yawa, amma ka daure. Za a yi gwajin jini na PSA, da na fitsari, da suga, da ƙoda, da hoton mara. PSA in ya hau ba lallai kansa ba ce, alama ce ta a ƙara bincike. Ƙannen naka ma, duk wanda ya kai 45 ya je su tattauna gwajin da likita.

Ka dawo da shayin dare zuwa la'asar, ka rage ruwa awa biyu kafin kwanciya, amma ka sha isasshe da rana. In kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, tambayi likita ko za ka mayar da shi safe. In ka gama fitsari, ɗan jira kaɗan ka sake gwadawa, sannan ka shafo daga ƙasan maraina zuwa gaba don ragowar ta fita, ɗigon zai ragu. Akwai maganin da ke sassauta hanyar cikin 'yan kwanaki, sai dai yana iya sa jiri in an miƙe da sauri, akwai kuma mai rage girman ƙullutun wanda sai ya yi kamar wata shida ana sha. Ka yi hattara da magungunan mura na kemis, wasunsu na iya ɗaure fitsari gaba ɗaya ga mai irin matsalarka. In ka ga jini a fitsari, ko ciwon baya da ƙugu mai hana barci, kar ka jira ranar ganin likita. In kuma fitsarin ya ƙi fita sam, mara ta kumbura tana ciwo, a tafi sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne a sa roba a sauke shi, kar a ce sai gari ya waye.